Salsalar Iyalan Yahudawa a Ƙananan Garuruwan Jamus: Tambayoyi da Amsoshi

In aka ambaci Yahudawan Jamus, yawancin mutane Berlin ko Frankfurt ke faɗo musu a rai, ko kuma kisan ƙare dangin da 'yan Nazi suka yi. Ba kowa ya san cewa daga ƙarni na 16 zuwa tsakiyar ƙarni na 19 mafi yawansu mutanen karkara ne ba: fataken shanu, 'yan koli, mahauta da dillalai, a garuruwan da wani ma bai kai mutum dubu ba. Jikokinsu a yau suna warwatse a Amurka, Isra'ila, Ingila, Ajantina da sauran wurare, kuma da yawa suna bin tsofaffin takardu don gano garin da aka binne cibiyar kakanninsu. Ga tambayoyin da mai son fahimtar wannan tarihi, ko mai son shiga binciken, zai ci karo da su.

Ta yaya Yahudawa suka tsinci kansu a ƙauyukan Jamus?

Asalin zamansu a birane ne. Takarda mafi tsufa da ta ambace su a wannan ƙasa ita ce dokar Sarkin Rum Konstantin ta shekarar 321, wadda ta yi magana a kan Yahudawan birnin Kolon. A ƙarni na 11 biranen Mainz, Worms da Speyer na bakin kogin Rhein sun zama cibiyar karatun addininsu, kuma a 2021 UNESCO ta sanya abin da ya rage na gine-ginensu da maƙabartunsu cikin kayan tarihin duniya.

Sai masifa ta biyo baya. A 1096 mayaƙan Yaƙin Salibi na farko suka karkashe su a waɗannan birane. Tsakanin 1348 da 1350, lokacin babbar annoba, aka yi musu ƙazafin zuba guba a rijiyoyi, aka ƙone unguwanninsu. Daga nan birane suka shiga korarsu ɗaya bayan ɗaya: Kolon a 1424, Nürnberg da Ulm a 1499, Regensburg a 1519. Da yawa suka nausa gabas zuwa Poland, wasu suka gangara Italiya. Waɗanda suka rage suka raɓa duk inda aka yarda su sauka.

Abin da ya ba su wannan dama shi ne, Jamus ta wancan zamani ba ƙasa ɗaya ba ce. Ɗaruruwan masarautu ne, akwai na yarima, akwai na bishop, akwai ƙaramin mai sarauta da ƙauye biyu ko uku kacal yake mulka. Bayan Yaƙin Shekara Talatin da ya ƙare a 1648, ƙauyuka da dama sun zama kufai, masu sarauta na neman wanda zai biya haraji ido rufe. Sai suka buɗe wa Yahudawa ƙofa, don aljihunsu. Gidan sarautar Liebenstein ya karɓe su a Jebenhausen a 1777, sannan a Buttenhausen a 1787. Shi ya sa za ka ga ƙauye cike da Yahudawa, na kusa da shi kuwa babu ko ɗaya: masu garin ne suka bambanta. Yankunan da abin ya fi yawa su ne Franken da Schwaben a Bavariya ta yau, da Hessen, Baden, Württemberg da Pfalz.

Da wane sharaɗi ake ba su izinin zama?

Da takardar kariya, wadda Jamusawa ke kira Schutzbrief. Magidanci zai saye ta da kuɗi, sannan ya riƙa biyan kuɗin kariya duk shekara, ban da wasu kuɗaɗen na aure, na binne gawa da na yanka. Takardar ta mutum ɗaya ce da iyalinsa, kuma galibi ɗa ɗaya ne zai gaje ta. Sauran 'ya'yan sai dai su zauna ba aure a ƙarƙashin ɗan'uwansu, ko su auri bazawarar da mijinta ya bar mata takarda, ko su bar gari. In Bayahude zai ratsa iyakar wata masarauta kuwa, sai ya biya kuɗin ƙofa a kan jikinsa, wato Leibzoll, wanda ba a soke ba sai ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19.

Ga mai neman salsala, wannan zalunci ya bar abu guda mai amfani: mai karɓar kuɗi ba ya wasa da rubutu. Littattafan harajin masu sarauta su ne kan ba da sunayen magidanta tun daga shekarun 1600.

Gaskiya ne dukkansu masu kuɗi ne?

A'a, kuma wannan zance ya kamata a daina yawo da shi. An hana su mallakar gona a wurare da yawa, ƙungiyoyin masu sana'ar hannu kuma ba sa karɓarsu. Abin da ya rage musu shi ne ciniki. Fataucin shanu ya fi shahara, sai dawakai, hatsi, fata, ruwan inabi da yadi. Ɗan koli kan fita ranar Lahadi ko Litinin da ƙunshin kaya a bayansa, ya zaga ƙauyukan da ya saba, ya kwana a gidajen manoma, ya dawo Juma'a kafin faɗuwar rana saboda Asabar. Akwai kuma dillalin da suke kira Schmuser, wanda jarinsa kawai shi ne sanin wa ke da saniyar sayarwa da wa ke nema. Masu ɗan hali kan ba manomi bashi, ko su ba shi saniya kiwo a raba riba. A nan ne gaba kan taso duk shekarar da amfanin gona bai yi kyau ba.

Mafi yawansu hannu baka hannu ƙwarya suke. A ƙasa da su kuma akwai waɗanda ba su da takardar kariya sam, suna yawo gari gari, al'umma na ba su kwana ɗaya da abinci su wuce. Attajiran da suka yi wa sarakuna hidimar kuɗi 'yan ƙalilan ne, sunansu ne kawai ya fi fita.

Da me ake fara bincike, da sunan iyali ko da sunan gari?

Da gari. Jamus ba ta da wata babbar ma'ajiya guda da aka tara haihuwa da mutuwar kowa. An rubuta komai a garin da abin ya faru, takardun kuma suna bin masarautar da garin yake ciki a lokacin. Wanda ya ce kakansa daga Bavariya yake bai faɗi komai ba tukuna. Sunan garin yakan ɓuya a takardar zama ɗan ƙasar Amurka, ko a kan dutsen kabari, ko a sanarwar rasuwa, ko a bayan wani tsohon hoto inda mai ɗaukar hoton ya buga hatiminsa.

A kula da abu biyu. Mutanen ƙauye kan ambaci babban birnin da ke kusa da su, mutum ya ce Frankfurt alhali ƙauyensu na da tafiyar yini daga can. Sannan garuruwa masu suna ɗaya suna da yawa, Neustadt kaɗai sun fi a ƙirga da yatsu. Bayan haka, a shekarun 1970 an haɗe ƙauyuka da dama cikin manyan gundumomi, don haka takardun ƙauyen na iya kasancewa ƙarƙashin wani suna dabam.

Yaushe suka fara amfani da sunan iyali?

Kafin ƙarni na 19 yawancin Yahudawan karkara ba su da sunan iyali da ake gada. Mutum da sunan mahaifinsa ake kiransa, kamar yadda za mu ce Musa ɗan Isiyaku, shi kuma ɗansa ya zama Haruna ɗan Musa. A takardun Jamusanci sai a rubuta Moses Isaak, ɗansa kuma Aron Moses, wanda bai sani ba sai ya ɗauka iyali biyu ne.

Gwamnatoci ne suka wajabta sunan dindindin, kowace a lokacinta. Dokar Napoleon ta 20 ga Yuli 1808 ta shafi garuruwan yammacin Rhein da ke hannun Faransa. Baden ta bi a 1809, Prushiya a 1812, Bavariya a 1813, Württemberg a 1828. Rajistar da aka yi a lokacin ita ce gadar da ke haɗa zamani biyu, domin a layi ɗaya za ka ga tsohon suna, da sabo, da sana'a, wani lokaci har da shekarun mutum da sunayen 'ya'yansa. Wanda ya samu wannan layi ya samu mabuɗin gidan.

Da yawa sunan gari suka ɗauka: Oppenheimer, Wertheimer, Bamberger, Nördlinger. Kakan kakan Henry Kissinger, tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, wani malami mai suna Meyer Löb, ya ɗauki sunan Kissinger a 1817 daga garin Kissingen inda ya taɓa zama. Wasu suka mai da sunan uba na iyali, wasu suka riƙe Kahn ko Levi don nuna tsatsonsu na addini. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa jami'ai ne ke sayar da kyawawan sunaye su liƙa wa talaka na wulaƙanci. A waɗannan yankuna na kudu da yammacin Jamus, galibi iyalai ne suka zaɓa da kansu.

Tarko biyu ke nan. 'Yan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya na iya ɗaukar sunaye dabam dabam a rana ɗaya. Sannan masu suna ɗaya ba lallai su haɗa jini ba: akwai Rothschild da yawa a ƙauyukan Hessen da Württemberg da babu abin da ya haɗa su da masu bankin Frankfurt. Kuma suna shi kaɗai ba ya nuna addini. Meyer, Wolf, Frank da Rosenberg duk Kiristoci ma suna amsa su.

Me ya sa mutum ɗaya ke fitowa da sunaye uku?

Domin kowane namiji na da sunan Ibrananci na ibada, da sunan da ake kiransa a gida, daga baya kuma da na zamani da yake sa hannu da shi. Sunayen suna tafiya bibbiyu bisa al'ada: Yehuda shi ne Löb, Naftali shi ne Hirsch, Binyamin shi ne Wolf, Issakar shi ne Bär. A ƙarni na 19 sai Löb ya koma Leopold ko Ludwig, Hirsch ya koma Hermann ko Heinrich, Moses ya koma Moritz ko Max. Mata ma haka, Bräunle kan zama Babette ko Bertha. Levi Strauss mai wandon jins Löb aka raɗa masa a Buttenheim a 1829.

Wata al'ada na taimakawa ƙwarai: ba sa sa wa jariri sunan mai rai, sai wanda ya rasu. In ka ga 'yan'uwa uku kowanne ya haifi ɗa ya sa masa Abraham cikin 'yan shekaru kaɗan, to ka nemi rasuwar kakansu Abraham gab da haihuwar na farkon.

Waɗanne takardu ne suka fi amfani?

Ya danganta da zamani. Daga 1 ga Janairu 1876 duk Jamus ta koma rajistar gwamnati a ofishin da ake kira Standesamt, inda ake rubuta kowa ba tare da la'akari da addini ba. Prushiya ta fara tun Oktoba 1874, yammacin Rhein kuwa tun 1798 ƙarƙashin Faransawa. Wannan zamani shi ya fi sauƙi.

Daga wajen 1810 zuwa 1875 akwai rajistar Yahudawa ta daban, wadda malamin addininsu ko malamin makaranta ke riƙewa. A wurare da yawa, kamar Baden, limamin cocin garin ne aka ɗora wa rubuta haihuwa da mutuwar maƙwabtansa Yahudawa, don haka kada a tsallake littattafan coci. Württemberg tana da rajistar iyali mai kyau ƙwarai, shafi ɗaya ga kowane gida, da iyayen miji da na mata da duk 'ya'ya.

Kafin 1800 sai an haɗa da haƙuri. Abin da ake da shi shi ne takardun kariya, littattafan haraji, shari'o'in bashi, yarjejeniyar aure da rabon gado. Daga ɓangaren al'umma kuma akwai littafin mai kaciya, wanda ke rubuta kowane yaron da ya yi wa shayi a rana ta takwas, da littafin tunawa da mamata da ake karantawa a wurin ibada.

Akwai kuma wata shaida da ba takarda ba ce, wadda ni a ganina ta fi kowace taɓa zuciya. Zanen da aka naɗe jariri da shi ranar kaciya, uwa ko kaka kan yanka shi gida huɗu, ta ɗinke ya zama dogon ƙyalle mai kusan mita uku. A kai za a yi ɗinki ko zane da launi: sunan yaro, sunan ubansa, ranar haihuwarsa, da addu'ar Allah ya raya shi ga Attaura, ga aure, ga kyawawan ayyuka. In ya ɗan tasa sai a kai shi wurin ibada da ƙyallen, a riƙa ɗaure naɗin Attaura da shi. Wimpel ake kiransa. Da yake ba a zubar da abin da ke ɗauke da rubutu mai tsarki, an riƙa tara tsofaffinsu a saman rufin wuraren ibada. A Veitshöchheim kusa da Würzburg an gano irin wannan ma'ajiya a shekarun 1980, yanzu tana gidan tarihi a garin.

Ashe 'yan Nazi ba su hallaka takardun duka ba?

Sun ƙone wasu a Nuwamba 1938, amma da yawa ƙwace su suka yi, domin suna buƙatarsu. Dokokin Nürnberg na 1935 sun rataya ne a kan addinin kakannin mutum huɗu, don haka ofishin gwamnati na bin diddigin nasaba ya tattara rajistar al'ummomin Yahudawa. Zuwa ƙarshen yaƙi, wani kamfanin Duisburg mai suna Gatermann ya ɗauki hotunan waɗannan littattafai a fim, a fadar Rathsfeld da ke Thüringen. Yawancin littattafan na asali sun ɓace, fina-finan suka tsira. A yau su ne ginshiƙin bincike a Baden-Württemberg da Hessen da wasu jihohi, wasu ma an ɗora su a intanet.

Haka ƙidayar 17 ga Mayu 1939, wadda ta tilasta wa kowane gida ya bayyana ko akwai Bayahude cikin kakanninsa huɗu. Katunan suna ma'ajiyar takardun tarayya ta Jamus. Abin da aka tara don farautar mutane, shi ne yanzu jikokinsu ke amfani da shi wajen gano su. Ya kamata mai karanta waɗannan takardu ya riƙa tuna dalilin da ya sa aka rubuta su.

Me ake samu a maƙabarta?

A al'adar Yahudawa ba a tashin kabari, ba a sake binne wani a kansa don an ga ya tsufa. Shi ya sa Jamus ke da maƙabartunsu fiye da 2,000, yawanci a kan tudu ko a bakin daji nesa da gari, inda mai sarauta ya ga ƙasar ba ta nomuwa. Ƙauyuka da yawa kan haɗu a maƙabarta ɗaya, kamar ta Kleinbardorf, Allersheim, Bechhofen ko Rödelsee, don haka kabarin kaka na iya kasancewa kilomita ashirin daga garinsa. A da sai an biya kuɗin ƙofa a kan gawar a kowace iyaka.

Tsofaffin duwatsun Ibrananci ne zalla. A sama akwai haruffa biyu da ke nufin a nan aka binne, sai yabon mamaci, sai sunansa da na mahaifinsa, sai ranar rasuwa. Hannuwa biyu a buɗe alamar zuri'ar Haruna ce, buta alamar Lawiyawa, wuƙa alamar mai kaciya, ƙaho alamar mai busa a sallar sabuwar shekara. A ƙarni na 19 Jamusanci ya fara shigowa, da farko a bayan dutse, daga baya ya dawo gaba.

Shekarar da ke kan dutsen ta kalandar Yahudawa ce, kuma yawanci ba a rubuta dubban. Ka ƙara 1240 a kan adadin: 615 ta zama 1855. Sai dai shekararsu na kamawa ne a Satumba ko Oktoba, don haka wanda ya rasu daga lokacin zuwa ƙarshen Disamba sai a rage ɗaya. Duwatsun yashi ne galibi, ruwa da sanyi na cinye rubutun shekara bayan shekara. Cibiyar Steinheim da ke Essen ta kwafe dubban rubuce-rubuce ta fassara su a rumbunta mai suna epidat. Mai son ziyara ya nemi mabuɗi a ofishin gari, namiji ya rufe kansa, kuma ba a shiga ranar Asabar.

Me ya kwashe mutane daga ƙauyuka tun kafin Hitler?

Doka da talauci, sannan 'yanci. Dokar Bavariya ta 1813 ta ƙayyade yawan iyalan Yahudawa a kowane gari. Saurayi ba zai kafa gida ba sai lamba ta faɗi, wato sai wani magidanci ya mutu ko ya tashi. Ba a soke wannan ba sai 1861. Samari da 'yan mata suka ga zaman jira ba shi da ranar ƙarewa, suka kama hanyar Amurka. Joseph Seligman, wanda daga baya ya zama mai banki a New York, ya bar Baiersdorf a 1837. Henry Lehman, ɗan wani bafataken shanu a Rimpar, ya tafi a 1844 ya buɗe shago a Alabama. Marcus Goldman, wanda ya kafa kamfanin da ya zama bankin Goldman Sachs, ya bar Trappstadt a 1848. Carl Laemmle, wanda ya kafa kamfanin fim na Universal, ya bar Laupheim a 1884. Ana ambaton waɗannan ne don sun yi suna, amma bayan kowannensu akwai ɗimbin da suka ƙare rayuwarsu da ƙaramin shago a wani garin Ohio.

Da aka ba su cikakken 'yanci, a Baden a 1862, a Württemberg a 1864, a duk daular a 1871, sai ƙaura ta juya zuwa birane. Mahaifin Albert Einstein, Hermann, haifaffen Buchau ne a 1847, ɗansa kuwa a Ulm aka haife shi a 1879, birnin da ya kori Yahudawa shekara 380 kafin nan. Zuwa 1933 Yahudawan Jamus kusan rabin miliyan ne, ba su kai ɗaya cikin ɗari na jama'a ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku a Berlin suke.

Mai bin sawun masu ƙaura ya sani cewa jerin fasinjojin Hamburg daga 1850 zuwa 1934 yana nan, na Bremen yawanci ya salwanta, mutanen kudu kuma da yawa ta Le Havre a Faransa suka bi.

Yaya zamansu da maƙwabta Kiristoci yake?

Zama ne na kusa, amma da katanga. Kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya, daga baya makaranta ɗaya da ƙungiyar kashe gobara ɗaya, sai dai ba a cika auratayya ba. A Gailingen, inda Yahudawa suka kai rabin gari a tsakiyar ƙarni na 19, Leopold Guggenheim ya riƙe kujerar magajin gari daga 1870 zuwa 1884. A Schopfloch Kiristoci sun ɗauki yaren cinikin fataken shanu mai cike da kalmomin Ibrananci, ana kiransa Lachoudisch, har yau akwai masu tuna shi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Yahudawa kimanin 100,000 suka yi wa Jamus yaƙi, kimanin 12,000 suka mutu, sunayensu na kan allunan tunawa na ƙauyuka.

Duk da haka ƙiyayya ba ta taɓa mutuwa ba. Ta fito fili a tarzomar 1819 da ta 1848, ta kuma samu 'yan siyasa masu rura ta a karkarar Hessen a ƙarshen ƙarnin.

Me ya faru da su daga 1933?

A ƙauye babu wurin ɓuya, kowa ya san gidan kowa. Ranar 25 ga Maris 1933, ranar Asabar, 'yan bangar Nazi suka fito da maza daga wurin ibada a Creglingen suka yi musu dukan da biyu suka mutu. Aka raba fatake da kasuwar shanu, masu bin bashi suka rasa mai biyansu. Matasa suka fice, da yawa zuwa unguwar Washington Heights a New York. Wani rukuni daga Rexingen ya tashi tare a 1938 ya kafa ƙauyen Shavei Zion a Falasɗinu, lokacin tana hannun Ingila. Laemmle ya tsaya wa ɗaruruwan mutane, da yawa 'yan Laupheim, suka samu shiga Amurka.

A daren 9 zuwa 10 ga Nuwamba 1938 aka ƙone ko aka farfasa wuraren ibada, aka kai maza kimanin 30,000 sansanonin Dachau, Buchenwald da Sachsenhausen. Daga Janairu 1939 aka tilasta wa maza ƙara sunan Israel, mata kuma Sara, kuma za ka ga wannan a gefen takardun haihuwa. Ranar 22 ga Oktoba 1940 aka kwashe fiye da 6,500 daga Baden, Pfalz da Saar zuwa sansanin Gurs a kudancin Faransa. Daga ƙarshen 1941 jiragen ƙasa suka fara kwasar su zuwa Riga, sannan Izbica, sannan sansanonin Theresienstadt da Auschwitz. Waɗanda suka rage a ƙauyuka a lokacin yawanci tsofaffi ne. An yi gwanjon kayan ɗakinsu a bainar jama'a, kuma maƙwabta ne suka saya. Al'ummomin da suka shekara 300 a wuri ɗaya ba su sake tashi ba.

Ina ake neman labarin wanda aka kwashe?

A fara da Gedenkbuch, littafin tunawa na ma'ajiyar tarayya, wanda ke intanet da sunaye fiye da 170,000, kowanne da ranar haihuwa, garinsa da inda aka kai shi. Sai ma'ajiyar Arolsen da ke Bad Arolsen, mai takardu fiye da miliyan 30 a kan mutum miliyan 17.5. Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan ƙare dangin da ke Ƙudus, na da shafukan shaida da 'yan'uwa suka cike da hannunsu, kuma sunan wanda ya cike shafin kan kai ka ga reshen iyali da ya tsira. Kada a manta da fayilolin neman diyya na bayan yaƙi da ke ma'ajiyar jihohi. A cikinsu waɗanda suka tsira suka ba da labarin gidansu dalla dalla, har da kujeru da tukwane.

Me ya sa mata da talakawa ke ɓacewa a bishiyar iyali?

Domin takardun an yi su ne don mai biyan haraji. Mace kan bayyana a matsayin matar wane ko bazawarar wane, kuma yawanci daga wani gari aka auro ta. Dutsen kabarinta ne kan faɗi sunan mahaifinta, yarjejeniyar aure kuma ta faɗi garinsu. Barori, marayu da mabarata kuwa sai dai a ci karo da su a littafin 'yan sanda ko na sadakar al'umma. Bishiyar da ta bi maza kaɗai rabin labari ce, kuma zumuncin da ya ɗaure waɗannan ƙauyuka ta hanyar matan ya bi.

Za a iya yin binciken daga nesa?

Da yawa daga ciki, e. Shafin Alemannia Judaica na da bayani gari gari na kudancin Jamus, JewishGen na haɗa masu neman suna ɗaya, Cibiyar Leo Baeck da aka kafa a 1955 ta ɗora tarin takardun iyalai a intanet. Dokar da ta fara aiki a 2009 ta buɗe rajistar haihuwa bayan shekara 110, ta aure bayan 80, ta mutuwa bayan 30. Abin da bai kai haka ba sai zuri'ar mutum kai tsaye, ko mai hujjar shari'a.

Babbar wahalar ita ce rubutun hannu. Tsohon salon Kurrent ko Bajamushen yau ba ya iya karanta shi sai ya koya. Gwajin DNA kuma bai cika warware matsala ba a nan, domin an daɗe ana auratayya a cikin ƙaramar al'umma, sai na'ura ta nuna dangi na nesa kamar na kusa.

Wa ke kula da wannan tarihi a garuruwan yanzu?

Yawanci Jamusawan da ba Yahudawa ba: malaman makaranta, limaman coci, 'yan fansho da ɗalibai. Shekaru da dama bayan yaƙi an yi gum, tsofaffin wuraren ibada sun zama rumbu ko garejin motar kashe gobara. Daga shekarun 1980 ne aka fara tonowa, kuma wasu masu binciken sun sha tsangwama a garuruwansu. Tun shekarar 2000 akwai lambar yabo ta Obermayer da ake ba irin waɗannan mutane, wadda wani Ba'amurke mai tsatso a Creglingen ya kafa. Wasiƙa ɗaya zuwa ofishin gari takan kai mutum ga wanda ya san kowane gida da kowane kabari.

Akwai kuma ƙananan allunan tagulla da Gunter Demnig ke dasawa a daɓen ƙofar gidan da mutum ya zauna na ƙarshe da son ransa, ana kiransu Stolpersteine. An dasa na 100,000 a 2023. Ba kowa ya yarda da su ba: birnin Munich ya hana sa su a filin gwamnati, saboda wasu shugabannin Yahudawa na ganin ana taka sunayen mamata da ƙafa.

Jikoki na iya dawo da zama 'yan ƙasar Jamus?

E. Sashe na 116 na kundin tsarin mulki ya ba waɗanda aka ƙwace wa ƙasa tsakanin 1933 da 1945 saboda siyasa, asali ko addini, da zuri'arsu, damar karɓar abinsu. Dokar 25 ga Nuwamba 1941 ta ƙwace ƙasar duk Bayahuden Jamus da ke waje a lokaci ɗaya, don haka yawancin waɗanda suka gudu sun shiga ciki. Gyaran da aka yi a 2021 ya shigo da waɗanda aka bari a baya, ciki har da masu bi ta wajen uwa. Wanda kakansa ya tafi Amurka a ƙarni na 19 ba ya cikin wannan. Ana shigar da buƙata ta ofishin jakadancin Jamus, tare da takardun haihuwa da aure da ke haɗa mai nema da kakan, tsara bayan tsara.